Edward Eggleston: da wane littafinsa ya kamata ka fara?

Wanda ya shiga intanet neman littattafan marubucin Amurka Edward Eggleston zai tarar da su birjik, galibinsu kyauta, kuma yawan nasu shi ne ke rikita mutum. Ya rubuta ƙagaggun labarai, ya rubuta tarihi na manya, ya rubuta na 'yan makaranta, sai mai karatu ya rasa ta inda zai kama. Ɗalibin da aka ba aiki kan adabin Amurka na ƙarni na 19, da mai nazarin tarihi, da wanda kawai yake son labari mai daɗi don ya ƙara goge Turancinsa, ba littafi ɗaya ne zai biya musu buƙata ba. Idan ka fara da wanda bai dace da kai ba, kafin shafi na ashirin ka ajiye shi ka ce mutumin ba shi da abin faɗa, alhali kuwa yana da shi.

Sai an san rayuwarsa kaɗan kafin a iya zaɓe, domin kowane littafi daga wani lungu na rayuwar ya fito. An haife shi ranar 10 ga Disamba 1837 a Vevay, ƙaramin gari a bakin kogin Ohio cikin jihar Indiana. Mahaifinsa lauya ne ɗan asalin Virginia, ya rasu Edward bai kai shekara goma ba. Rashin lafiya ta hana shi shiga jami'a, yawancin iliminsa shi ya nema da kansa. A 1856 ya zama mai wa'azi na ɗarikar Metodis, irin waɗanda ake ba doki da jerin ƙauyuka su yi ta kewayawa. Jikinsa bai ɗauki wahalar ba. Ya koma Minnesota, ya yi aikin fasto a garuruwa irin su St. Paul da Stillwater da Winona har zuwa 1866, sannan ya shiga aikin jarida, da farko a yankin Chicago, daga 1870 kuma a New York. Tsakanin 1874 da 1879 ya sake riƙe coci a Brooklyn, wadda ba ta bin wata ɗarika, daga nan ya bar mumbari baki ɗaya, imaninsa ma ya yi rauni sosai. Sauran shekarunsa ya ƙarar da yawancinsu kan tarihi a gidansa na bakin tafkin George a jihar New York. A 1900 shi ne shugaban ƙungiyar masana tarihi ta Amurka, ya rasu a 1902.

Ana yawan raba shi gida uku, a ce fasto ne da ya koma marubucin labari, ya kuma koma masanin tarihi. Ni a ganina aiki ɗaya ya yi tun farko har ƙarshe: rubuta yadda talakawa suke magana, abin da suke tsoro, yadda suke ibada, abin da suke koya wa 'ya'yansu. Shi da kansa ya faɗa a gabatarwar wani labarinsa na 1873 cewa burinsa labaransa su zama gudummawa ga tarihin wayewar Amurka. Don haka tambayar da ke gabanka ita ce ta wace ƙofa za ka shiga gida ɗaya.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Abu huɗu na duba a kowane littafi. Na farko kuɗi da sauƙin samu. Duk littattafansa haƙƙin mallakarsu ya ƙare, saboda haka abin da za ka kashe shi ne data, ko kuɗin bugawa a takarda, ko kuɗin aikowa daga waje. Na biyu wuyar Turancin, kuma wannan ya fi kuɗi muhimmanci ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne. Na uku ƙarko: bayan shekara ɗari da ɗoriya, littafin yana tsaye ko ya ruɓe? Na huɗu haɗari, wato yiwuwar ka ɓata lokacinka, ko ka kwashi ra'ayin da masana suka daɗe da watsarwa ka zuba a takardar jarrabawa.

The Hoosier Schoolmaster, 1871

Wannan shi ne ya fitar da sunansa, Hoosier kuwa laƙabi ne na mutumin jihar Indiana. Ya rubuta shi mako-mako don mujallar Hearth and Home da yake wa edita, ya gina shi a kan abin da ƙanensa George ya gani lokacin da ya koyar a wata makarantar karkara a Indiana. Labarin wani saurayi ne, Ralph Hartsook, da ya je ƙauyen Flat Creek neman aikin koyarwa, aka tare shi da labarin cewa yaran makarantar sun kori malaman da suka gabace shi, har da wanda suka lakaɗa wa duka. Ba shi da gidan kansa, gidajen iyayen yara yake kwana bi da bi. Duk wanda aka taɓa turawa koyarwa ƙauyen da bai san kowa ba, inda wasu ɗaliban suka fi shi ƙashi, zai gane halin da Ralph yake ciki tun daga babin farko.

Akwai wurin da ya fi tsaya mini a rai. Lokacin Kirsimeti manyan yaran suka shige ajin suka tokare ƙofa daga ciki, don su tilasta wa malam ya ba da hutu. Ralph bai tsaya ja-in-ja a bakin ƙofa ba. Ya hau rufin, ya zuba farar wuta ta bututun hayaƙi, ya ɗora katako ya toshe bakin. Kafin a jima yaran suka ɓalle ƙofar da kansu suka fito suna tari, shi kuma ya sauko ya shige ya zauna a mazauninsa. Haka littafin yake tafiya: dabara a kan ƙarfi. Sai kuma daren gasar jera haruffan kalma da ka, inda ƙauye duka ya taru a makaranta, Ralph ya kayar da zakaran gari, sannan Hannah, yarinyar da aka bayar aikatau gidan mutane, ta kayar da shi.

Wajen samu ba shi da na biyu. Yana nan a Project Gutenberg a rubutu zalla wanda ba ya cin data, akwai shi a murya a LibriVox, kuma madaba'ar jami'ar Indiana ta sake buga shi a takarda. Gajere ne, mai ƙwazo zai gama shi cikin kwana kaɗan.

Wuyarsa ita ce harshe. Eggleston ya ji cewa mai zane nagari abin da ke gabansa yake zanawa, sai ya rubuta maganar mutanen karkarar Indiana yadda take fita daga bakinsu, da rubutun da ya karkace don ya bi lafazin. Ƙamus ba zai taimake ka ba a nan, domin kalmar da kake nema ba haka ake rubuta ta ba. Maganin shi ne ka karanta da ƙarfi, ko ka saurari murya kana bin rubutun da ido. Bayan babi uku ko huɗu kunne yakan saba. Wasu bugu na baya suna da bayanan da marubucin ya ƙara kan kalmomin yankin, idan ka samu irinsu ka fifita su.

Ta fuskar ƙarko, rabi ya tsaya rabi ya faɗi. Hoton ƙauyen, da jahilcinsa da rowarsa da alherinsa, da gidan gajiyayyun da aka jefa makauniyar uwar Hannah, duk suna nan da ransu, kuma masu tarihin adabi suna lissafa littafin cikin na farko-farko da suka buɗe hanyar rubuta rayuwar yankunan Amurka yadda take. Amma zaren labarin, wato fashin da aka ɗora wa Ralph, da mugun likita Small, da shari'ar da gaskiya ta yi halinta a ƙarshe, duk an san inda za su tun daga nesa. Mugu mugu ne har ƙafa, na kirki kuma ba shi da tabo. Haɗarinsa kaɗan ne: ko bai burge ka ba, bai ci maka lokaci ba.

The Circuit Rider, 1874

Idan rayuwar marubucin ce ta ja ka, wannan ne littafin da ya fi kusa da zuciyarsa. Ya kai labarin kudancin Ohio a farkon ƙarni na 19, zamanin da Turawa baƙi ke saran daji suna kafa gonaki, babu coci, babu makaranta, hukuma kuma tana nesa. Tsarin Metodis a lokacin shi ne a ba mai wa'azi da'ira mai wuraren tsayawa da yawa, ya kewaye ta cikin makonni, ya kwana duk inda dare ya yi masa, jakar sirdinsa ɗauke da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi. Albashin bai taka kara ya karya ba, ruwa da sanyi da zazzaɓi kuma suna cin mutum tun yana saurayi. Eggleston ya ɗanɗani wannan rayuwa da jikinsa, ya kuma taso yana jin labarin tsofaffin da suka yi ta kafin shi.

Labarin ya buɗe da gayyar ɓare masara a gidan Kyaftin Lumsden, mai dukiya mai taurin kai. Samari biyu ne ginshiƙinsa. Morton Goodwin ɗan son jin daɗi ne, ya yi caca ya rasa dokinsa, saura ƙiris a rataye shi bisa zargin satar doki, daga baya ya tuba ya zama mai wa'azi, abin da ya sa budurwarsa Patty, 'yar Kyaftin, ta juya masa baya. Kike kuwa yaro ne da ya cika da ƙiyayyar kawunsa saboda gādon ƙasa, wa'azi ya sauke masa wannan ƙiyayya, ya ba da kansa ga aikin har aikin ya cinye shi yana ƙarami. Labarin Kike shi ne mafi ƙarfi a duk abin da Eggleston ya rubuta kan addini, domin ba ya ɓoye cewa himmar da ta gyara yaron ita ce ta kashe shi.

Turancinsa ya fi na littafin farko sauƙi kaɗan, ko da yake akwai lafazin karkara da na baƙi 'yan Ayalan. Abin da zai tsayar da kai shi ne kalmomin tsarin coci da ayoyin da mutanen labarin ke jefawa cikin zance ba tare da an ce daga ina suke ba. Mai karatu Kirista zai wuce su a guje. Musulmi zai ɗan yi tafiyar hawainiya, amma kada wannan ya hana shi: marubucin ba kiran kowa yake zuwa ɗarikarsa ba, yana nuna jarumtar masu wa'azin tare da tsananinsu kan rawa da ado da duk wani abin nishaɗi, da yadda tarukan wa'azi na cikin daji kan rikiɗe su zama ihu da faɗuwa ƙasa. Duk mai son fahimtar dalilin da ya sa addini yake da ƙarfi haka a tsakiyar Amurka har yau zai amfana.

Haɗarinsa ɗaya ne, kuma babba. Dajin da ake sarewa a labarin yana da masu shi, 'yan asalin ƙasar da aka kora, amma littafin kusan bai waiwaye su ba. Ka karanta shi a matsayin shaidar yadda baƙin suke ganin kansu, kada ka ɗauke shi cikakken tarihin yankin.

Roxy, 1878

Masu sharhi da yawa suna ganin wannan ne labarinsa da ya fi ƙwari, ni ma ina tare da su. Ya dawo bakin kogin Ohio, wani gari da ya kira Luzerne wanda aka gina a kan garinsu Vevay, ya fara da hayaniyar yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1840. Roxy 'yar mai ɗinkin takalmi ce, mai tsananin ibada. Ta auri Mark Bonamy, saurayi mai baki da son a yabe shi, wanda ya tuba da zafi har ya yi niyyar tafiya wa'azi Texas, daga baya zafin ya huce, siyasa da son zuciya suka janye shi. Ya ci amanarta da wata yarinyar tudu, Nancy Kirtley, har aka samu ciki. Abin da Roxy ta yi da wannan labari, da abin da ta gano game da nata laifin na tsare gida da taƙawar da ba ta bar wa miji wurin numfashi ba, shi ne littafin.

A nan babu mugu har ƙafa. Mark mai rauni ne, Roxy mai gaskiya ce da ke da wuyar zama, kuma a 1878 ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne fasto ya rubuta cin amanar aure a fili haka. Turancin ya fi tsabta, lafazin karkara ya ragu. Kuɗin da za ka biya shi ne haƙuri: ya kusa ninka littafin malamin makaranta a tsawo, tafiyarsa kuma a hankali take. Samunsa ma ya fi wuya kaɗan, sau da yawa sai dai hoton shafukan tsohon bugu a Internet Archive, wanda ya fi cin data kuma yana gajiyar da ido a waya. Ban ba da shawarar a fara da shi ba, sai dai ga wanda ya riga ya saba da dogayen labaran Turanci na wancan ƙarni.

The Graysons, 1888

Wannan ba sai an daɗe a kansa ba. An zargi Tom Grayson da kisa a karkarar Illinois, lauyan da ya tsaya masa kuwa Abraham Lincoln ne, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, tun bai zama kowa ba. Eggleston ya aro ne daga shari'ar gaske ta 1858, inda shaida ya ce ya ga abin da ya faru da hasken wata, Lincoln ya fito da kalandar da ke nuna fitowar wata da faɗuwarsa ya rushe shaidar. Labari ne mai jan hankali, Turancinsa matsakaici, ana samunsa kyauta. Haɗarin shi ne ka ɗauki abin da ke ciki a matsayin tarihin Lincoln: sunaye da lokaci da yadda shari'ar ta ƙare duk an sāke su.

Sauran labaran, The End of the World na 1872 kan mabiya William Miller da suka sa ran tashin duniya a shekarun 1843 da 1844, da The Mystery of Metropolisville na 1873 kan cinikin filaye na yaudara a Minnesota, da The Faith Doctor na 1891 kan masu warkarwa da addu'a a New York, na mai bincike ne da ya riga ya gama na sama.

The Beginners of a Nation, 1896

Bayan ya bar coci, Eggleston ya ɗauri aniyar rubuta tarihin rayuwa a Amurka cikin juzu'i da yawa. Ya shafe shekaru yana tonon tsofaffin takardu a ɗakunan karatu na Amurka da Ingila, amma juzu'i biyu kawai ya gama kafin ajali. Wannan ne na farko. Ya bi yadda Ingilishi suka kafa Jamestown a 1607, da Plymouth a 1620, da Massachusetts bayan shekara goma, da Maryland, da korar mai wa'azi Roger Williams saboda ya ce hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum addini.

Turancinsa na littafi ne, babu lafazin karkara, jimlolin dai dogaye ne. Kowane babi yana da bayanai a gefen shafi da ƙarin bayani a ƙarshensa, abin da ke rikicewa idan an mayar da littafin rubutu zalla, saboda haka a nan hoton shafi ya fi. Abin yabo shi ne bai ɗauki kakannin Amurkawa waliyyai ba: ya nuna kwaɗayin zinariya na mutanen Virginia, ya nuna yadda waɗanda suka gudo daga tsanantawar addini suka zo suka tsananta wa wasu. Amma a cikin duk littattafan nan shi ne wanda zamani ya fi wucewa. Labarin kafa waɗannan garuruwa an sake rubuta shi sau da yawa tun daga lokacin, da takardun da bai gani ba, da tonon ƙasa a Jamestown, da muryar 'yan asalin ƙasar. Ɗalibin da ya dogara da shi shi kaɗai zai sha gyara daga malaminsa.

The Transit of Civilization, 1901

Wannan ne juzu'i na biyu kuma na ƙarshe, kuma shi ne nake ganin ya fi komai nasa daraja. Tambayar da ya yi ba a saba yin ta a zamaninsa ba: mutanen da suka tsallaka teku daga Ingila a ƙarni na 17, me suka ɗauko a cikin kawunansu? Babi shida ne: abin da suka sani game da sama da ƙasa, maganinsu, harshensu da tatsuniyoyinsu, ma'aunin da suke auna hali mai kyau da marar kyau, makarantunsu, sai ƙasa da ƙwadago.

Babin magani kaɗai ya isa dalilin sauke littafin. Za ka ga likitocin da suka yarda lafiya tana rataye ne a kan daidaiton ruwaye huɗu a jiki, suna tsaga su fitar da jini kusan a kowace cuta, suna duban taurari kafin su ba da magani. Za ka ga imanin cewa ganyen da ya yi kama da wata gaɓa shi ne maganinta, da man da ake shafa wa makamin da ya yi rauni maimakon raunin kansa. A babin farko kuma ga masu ilimi da har lokacin suke ganin rana ce ke kewaya duniya, tauraruwa mai wutsiya kuma gargaɗi ce daga sama, mayu kuwa gaskiya ne. Mai karatu daga wannan nahiya tamu, wanda aka daɗe ana nuna masa Turawa kamar da kimiyya aka haife su, zai samu abin tunani a waɗannan shafuka, kuma daga alƙalamin ɗaya daga cikinsu.

A jawabinsa na shugabancin ƙungiyar masana tarihi a 1900 ya yi kira da a rage tarihin ganguna da yaƙe-yaƙe da 'yan siyasa, a koma ga tarihin yadda maza da mata suka rayu. Wannan littafi shi ne misalin abin da yake nufi. Bai samu karɓuwa sosai ba lokacin fitowarsa, sai daga baya masu tarihin zamantakewa suka dawo suka gane ya riga su hanya, aka sake buga shi.

Wuyarsa ita ce ba labari ba ne. Babu jarumi, babu zaren da zai ja ka, tarin misalai ne ɗaya bayan ɗaya, da ɗauko maganganun mutanen ƙarni na 17 a tsohon rubutunsu. Ba a karanta shi a zama ɗaya, babi-babi ake ɗauka. Haɗarinsa biyu ne. Na farko, mutumin da ya bar imani yana rubutu kan masu imani, wani lokaci yakan dube su daga sama, kamar duk abin da suka yarda da shi duhun kai ne da zamaninsa ya waye daga gare shi. Na biyu, wayewar da yake magana a kai ta Ingilishi ce kawai. 'Yan Afirka da aka fara saukewa a Virginia a 1619, da abin da su ma suka ɗauko a kawunansu na noma da magani da waƙa da addini, ba su samu babi ba, sun shigo ne ta ƙofar ƙwadago. Wannan giɓi ne da sai ka cike shi da littattafan zamani.

Ga su a jere

| Littafi | Samu da kuɗi | Wuyar Turanci | Ƙarko | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| The Hoosier Schoolmaster, 1871 | Mafi sauƙi: rubutu, murya, takarda | Lafazin karkara mai yawa | Hoton ƙauye ya tsaya, zaren labari ya tsufa | Kaɗan |
| The Circuit Rider, 1874 | Kyauta a intanet | Matsakaici, kalmomin coci | Mai kyau | Ya manta da 'yan asalin ƙasa |
| Roxy, 1878 | Kyauta, galibi hoton shafi | Tsabtatacce amma dogo | Mafi ƙwari a labaransa | Gajiya kafin tsakiya |
| The Graysons, 1888 | Kyauta a intanet | Matsakaici | Daidai gwargwado | Ɗaukar ƙage a matsayin tarihi |
| The Beginners of a Nation, 1896 | Kyauta, hoton shafi ya fi | Dogayen jimloli | Zamani ya wuce da yawansa | Babba ga ɗalibi |
| The Transit of Civilization, 1901 | Kyauta, akwai sake bugu | Mafi wuya | Tambayarsa tana nan da rai | Raini ga na da, giɓi kan 'yan Afirka |

Waya, murya ko takarda

Wata magana kan kuɗi, domin a nan ne mutane ke asara. Tunda littattafan ba su da mai haƙƙi, akwai masu kwasar rubutun da na'ura ta karanto daga tsohon bugu, su manna bango mai kyau su sa a kasuwannin intanet. Irin wannan bugu yakan zo da haruffa a hargitse, babu zane-zanen asali, wani lokaci da shafi a ɓace, kuma a littafin da marubucin ya karkatar da rubutu da gangan ba za ka iya bambance kuskuren na'ura da lafazin ƙauye ba. Ga kuɗin aikowa daga waje, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin littafin. Idan takarda kake so, ka nemi bugun madaba'ar jami'a ko sanannen kamfani, ko ka sauke rubutu mai tsabta ka kai shagon kwamfuta a buga maka babin da kake buƙata kawai. Ɗalibin da zai kawo lambar shafi a aikinsa kuwa hoton bugun asali ya kamata ya riƙe, don lambobin rubutu zalla suna canzawa daga waya zuwa waya.

Wa ya dace da wanne

Idan malami ne ya ba ka aiki kan adabin yankunan Amurka, ko kana son ka san dalilin da ya sa ake ambaton sunan mutumin, ɗauki The Hoosier Schoolmaster, ka haɗa rubutu da murya. Idan Turancinka bai yi ƙarfi ba tukuna, shi ma kada ka fara da shi, domin zai koya maka rubutun da ba daidai ba. Ka nemi ƙananan littattafan tarihin da ya rubuta wa yara, irin Stories of Great Americans for Little Americans na 1895, jimlolinsu gajeru ne, ka dai sani labaran yabon ƙasa ne.

Idan addini da yadda yake shiga sabuwar ƙasa ne damuwarka, ko kai ma'aikacin coci ne, ko mai nazarin kwatanta addinai, The Circuit Rider ne naka. Mai son labarin aure da halin ɗan Adam, wanda ba ya gudun littafi mai kauri, ya tafi kai tsaye ga Roxy. Mai son labarin kotu don hutun ƙarshen mako ya ɗauki The Graysons.

Ɗalibin tarihi ya tsallake The Beginners of a Nation sai in aikinsa kan yadda aka rubuta tarihin Amurka ne a ƙarni na 19. Ya sauke The Transit of Civilization, ya fara da babi na biyu, na magani, sannan ya koma na farko, yana riƙe da wani littafin zamani a gefe. Wanda kuma yake da lokacin littafi biyu kacal kuma yana son ya san Eggleston kansa, ya karanta The Circuit Rider sannan ya bi shi da The Transit of Civilization: na farko ya fito a shekarar da ya karɓi cocin Brooklyn, na biyu shekara ɗaya kafin rasuwarsa.